Taswirar Gari: Yadda Ake Daidaita Mazauni da Bukatun Jama'a

Mece ce taswira?

Taswira zane ne na wuri kamar yadda shaho yake hangensa daga sama. A kanta ana nuna hanyoyi, gidaje, kasuwa, gonaki, rijiyoyi da magudanan ruwa. Wanda ya iya karanta ta yana iya sanin halin unguwa tun bai taka ta ba.

Wannan bayani zai nuna muku yadda ake amfani da taswira wajen zaɓen wurin zama a cikin gari. An ɗauko misalai daga gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa. Sayen fili ba ƙaramin al'amari ba ne. Magidanci yakan yi shekaru yana cin rani, ko ya sayar da albasar shekara biyu, kafin ya haɗa kuɗin fili ɗaya. Idan filin ya faɗa kan hanyar ruwa ko cikin burtali, wahalar shekarun nan ta tafi a banza.

Me ya sa ake bukatarta yanzu?

Garuruwanmu suna girma da sauri. A ƙidayar 1988 mutanen Birnin Ƙonni sun kai kimanin 29,000. A ƙidayar 2012 sun haura 60,000. Ke nan garin ya ninka cikin shekara 24. A shekarar 2011 aka ɗaga Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta, bayan a da tana cikin gundumar Ƙonni. Sabuwar gunduma kuwa tana jawo ma'aikata, ofisoshi da masu neman haya.

Sa'ad da gari yake ƙarami, kowa ya san inda ruwa yake kwanciya da inda shanu suke bi. Yanzu masu sayen fili da yawa baƙi ne, ko ƴan gari da suke zaune a Najeriya, Kodebuwa ko Libiya, suna ciniki ta wayar salula. Ba su ga filin da damina ba. Taswira ce take tsaya musu a madadin ido.

Ambaliyar 2024 ta zama darasi ga ƙasa baki ɗaya. A wannan damina ruwa ya shafi sama da mutum miliyan ɗaya a Nijar, sama da 300 suka rasu, har aka jinkirta komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Gidajen da suke cikin kwari da bakin ƙorama su ne ruwa yake fara ci.

Tsarin da muka gada

Raba gari bisa ga bukata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sunayen tsofaffin unguwanni shaida ne. Akwai Maƙera, akwai Marina, akwai Majema, akwai Zango. Majema sukan zauna kusa da ruwa, nesa da tsakiyar gari saboda wari. Zango yakan kasance a bakin gari, inda fatake za su sauke kaya su ɗaure dabbobi. A Kano har yau ana rini a Ƙofar Mata.

Zanen taswira ma ba sabon abu ba ne a yankinmu. A shekarar 1824 Bature Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, ya samu daga wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar da take nuna ƙasashe da koguna. An buga ta a Landan a 1826. Abin da ya sauya a yau shi ne yawan jama'a da tsadar ƙasa.

Abubuwa huɗu da ake fara dubawa

1. Suna da shekara. Ku duba sunan wurin da shekarar da aka yi zanen. Taswirar da ta tsufa ba za ta nuna sababbin unguwanni ba.

2. Kibiyar arewa. A mafi yawan taswirori arewa tana sama, kudu tana ƙasa, gabas tana hannun dama, yamma tana hannun hagu. Ku shimfiɗa takardar a ƙasa, ku juya ta har gabas ɗinta ya fuskanci mafitar rana. Daga nan abin da yake kan takarda zai yi daidai da abin da yake gabanku.

3. Ma'auni. Shi ne yake faɗin yadda aka rage girman wuri. Idan an rubuta 1/2000, santimita 1 a takarda daidai yake da mita 20 a ƙasa. Fili mai mita 20 a kan mita 20 zai fito kamar ɗan akwati mai santimita 1 ta kowane gefe. Idan an rubuta 1/200,000, santimita 1 daidai yake da kilomita 2. Irin wannan tana nuna garuruwa da manyan hanyoyi, amma ba ta nuna gida.

4. Makullin alamomi. Akwati ne a gefen takarda da yake fassara launi da alama. Yawanci shuɗi ruwa ne, tsanwa kuwa itatuwa ne ko lambu. Kada ku yi zato. Ku karanta makullin.

Abubuwan da ake ɗorawa a kan taswirar gari

Masu tsara gari ba sa duban abu ɗaya kaɗai. Sukan zana kowane al'amari daban, sannan su haɗa su. Kamar a ce an zana kowanne a kan farar leda, an jera su bisa juna, ana hango na ƙasa ta cikin na sama.

*Tudu da kwari.* Wannan shi ne na farko. Ana nuna ƙoramu, tabkuna, kududdufai da wuraren da ruwa ya taɓa ci. Shekarun fari sukan sa mutane su manta da tsohuwar hanyar ruwa, su yi gini a kanta. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, nan zai biyo.

*Ruwan sha.* Ana nuna famfuna, rijiyoyi da inda bututun kamfanin ruwa ya tsaya. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suke bi shi ne kada wurin ɗiban ruwa ya wuce mita 500 daga gida. A taswira mai ma'aunin 1/2000 wannan santimita 25 ne. Ku ɗaure zare mai wannan tsawo a jikin fensir, ku kafa ɗaya bakin a kan alamar famfo, ku kewaya. Duk gidan da ya faɗa wajen da'irar yana nesa da ruwa.

*Tsafta.* Ya kamata a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangaren rijiya. Ana nuna juji, mahauta da inda ƙazamin ruwa yake taruwa, domin nan sauro yake hayayyafa.

*Likita da makaranta.* A Nijar ana lissafa mutum cikin masu samun kulawar lafiya idan yana zaune cikin kilomita 5 daga gidan likita. Amma nisa kaɗai bai isa ba. Idan akwai ƙorama ko babbar hanyar mota tsakanin gida da makaranta, sai a nuna ta.

*Hanyoyi da lantarki.* Ana nuna hanyar kwalta, hanyar ƙasa, lungun da amalanke ba ta shiga, da inda turakun NIGELEC suka ƙare.

*Iska.* Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas. Unguwar da take kudu maso yammacin wurin da ake fasa dutse ko ƙona shara ita za ta sha ƙura da hayaƙi a wannan lokaci. Hadari kuwa yakan taso daga gabas, shi ya sa bangon gabas ya fi shan dukan ruwa.

*Wuraren da ba a gini.* Burtali, makiyaya, mashayar dabbobi, maƙabarta, filin idi, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da filayen da aka ware wa makaranta ko kasuwa.

Kowa da bukatarsa

Babu unguwar da ta dace da kowa. Ga wasu misalai.

- Manomin rani yana son ya kusanci lambunsa, domin ban ruwa da gadi. Amma gidan ya hau tudu, lambu ya tsaya a fadama.
- Ɗan kasuwa da mai sito suna bukatar hanyar da babbar mota take shiga rani da damina.
- Mace mai sana'ar cikin gida, kamar mai ƙuli-ƙuli, mai fura ko mai ɗinki, tana bukatar ruwa kusa, injin niƙa, da unguwa mai jama'a inda za a sayi kayanta.
- Iyali mai ƙananan yara yana bukatar makarantar da yaro zai je ba tare da ya ƙetare babbar hanya ba, da nisa daga kududdufi mai zurfi.
- Tsofaffi, makafi da guragu suna bukatar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa marar yashi mai yawa, da kusanci ga likita, masallaci da dangi.
- Mai kiwo yana bukatar fili mai faɗi a bakin gari, kusa da burtali da mashaya, yadda dabbobi za su fita ba tare da sun ratsa gonaki ba.
- Maƙeri, mai walda da mai gyaran mota suna bukatar bakin hanya da lantarki, nesa kaɗan da gidan likita da makaranta saboda ƙara.
- Ma'aikaci ko ɗalibi mai haya yana bukatar ɗaki kusa da wurin aiki, don kada kuɗin kabu-kabu ya cinye albashi.

Ga yadda ake daidaitawa. Iyali ya zauna ya faɗi bukatunsa guda uku mafi muhimmanci. Sai a duba taswira, a fara cire wuraren haɗari da wuraren da ba a gini. Cikin abin da ya rage, a nemi inda bukatun ukun suka haɗu. Daga ƙarshe a duba aljihu. Fili mai araha a nesa yana iya zama mai tsada, idan an lissafa kuɗin ƴan ga-ruwa da kuɗin sufuri na kowace rana har shekara ta zagayo.

Garuruwa uku, matsaloli uku

*Birnin Ƙonni.* Garin yana kan babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. Daga nan kuma hanya take yin kudu zuwa Illela ta Najeriya da Sakkwato. A gefen garin akwai filin noman rani na sama da hekta 2,000, wanda aka gina daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Yana shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango da suke kan kwarin Maggiya. Saboda haka a Ƙonni gida, kasuwa da gonar ban ruwa suna neman ƙasa ɗaya. Aikin taswira a nan shi ne ta nuna iyakar filin noman da magudanansa, don gari ya faɗaɗa ta wajen tudu. Gonar ban ruwa da aka yi gini a kanta ba ta sake ciyar da kowa.

*Malbaza.* Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, saboda dutsen da Allah ya hore wa yankin. Gari mai masana'anta yana da manyan motoci, wuraren haƙar dutse da ma'aikata masu neman haya. A nan ana duban mahaƙa, hanyar manyan motoci da inda iska take kaɗawa kafin a ware wurin makaranta ko sabuwar unguwa. A gabas kuma akwai Galmi, garin albasa, mai asibitin da aka buɗe a 1950. Gari irin wannan yana bukatar masaukin masu jinya da wurin loda albasa, kowanne a inda ba zai takura wa ɗaya ba.

*Illela ta Adar.* Kada a haɗa ta da Illela ta jihar Sakkwato. Wannan ita ce mazaunin Sarkin Adar. Ƙasar Adar tana da tuddai masu duwatsu da kwaruruka. Ruwan da ya sauka a kan fako ba ya nutsewa, sai ya gangaro da ƙarfi ya ci bakin ƙorama. Taswirar gari a nan ba ta tsayawa a bakin gidaje, dole ta haɗa da tudun da ruwan yake fitowa. Tun ƙarshen shekarun 1980 manoman yankin Illela da Badagishiri suka shahara da haƙa tassa da rabin-wata don farfaɗo da fako. Ruwan da aka tsare a kan tudu ya rage wanda zai sauko wa gidajen kwari.

Darasi daga Landan

A shekarar 1854 cutar kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe sama da mutum 600. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana ƙidaya mamatan. Ya gano cewa mafi yawansu suna shan ruwan famfo ɗaya ne a titin Broad. Ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. Daga baya ya buga taswira, ya sa alama a kan kowane gida da aka yi rashi. Duk wanda ya kalle ta ya ga alamomin sun taru kewaye da famfon. Abin da baki ya kasa gamsarwa, ido ya gani a takarda.

Yadda za ku zana taswirar unguwarku

Ba sai mai babban ilimi yake zana taswira ba. A 2009 matasan Kibera, wata unguwar talakawa a birnin Nairobi na Kenya, suka zana taswirar unguwarsu da kansu, suka nuna famfuna, makarantu da wuraren shan magani. Ajin yaƙi da jahilci ma yana iyawa.

1. Ku sanar da mai unguwa, ku gayyato dattawa, mata, matasa, makiyaya da masu naƙasa.
2. Ku share fili a ƙarƙashin inuwa. Ku sa alamar gabas da yamma.
3. Ku fara da abin da kowa ya sani: babbar hanya, masallacin Juma'a, kasuwa.
4. Ku yi amfani da toka don hanya, duwatsu don gidaje, ganye don lambu, igiya don ƙorama.
5. Ku tambayi dattawa inda ruwa ya kai a shekarun da aka yi babbar ambaliya. Ku tambayi mata inda suke ɗiban ruwa da hanyar da suke tsoron bi da dare.
6. Ku fita ku taka unguwar da igiya mai mita 10, ku gyara kuskure.
7. Ku kwafe zanen a babbar takarda. Ku rubuta suna, kwanan wata, kibiyar arewa da makulli.
8. Ku ajiye kwafi ɗaya wurin mai unguwa, ku kai ɗaya ma'aikatar magajin gari.

A wani aji da na taɓa kula da shi, maza suka zana unguwa suka sa rijiya ɗaya. Da mata suka zo suka ce rijiyar tana ƙafewa tun kafin bazara, suka nuna wadda suke zuwa a bayan gari. Ba don an tambaye su ba, da taswirar ta nuna unguwa mai ruwa alhali babu.

Wanda yake da babbar waya yana iya buɗe Google Maps ko OpenStreetMap ya ga hoton gari daga tauraron ɗan Adam. Wayar tana iya ba da lambobin da suke nuna daidai inda fili yake. Yana da kyau a rubuta su a ajiye. Sai dai hoton ba ya faɗin mai fili, kuma wataƙila da rani aka ɗauke shi.

Wa yake riƙe da taswirar hukuma?

Cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, tana Yamai. A cikin gari kuwa, taswirar yankan filaye, wanda jama'a suke kira loti, tana ma'aikatar magajin gari da ofishin tsara birane. A kanta kowane rukunin gidaje yana da lamba, kowane fili yana da lamba ko harafi. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, suka fara kula da irin waɗannan ayyuka. A 2024 gwamnati ta rushe majalisunsu ta naɗa masu riƙo.

Gonakin bakin gari suna ƙarƙashin dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris 1993. Ita ce ta kafa kwamitocin kula da ƙasa da ake kira Kofo, waɗanda a yau ake samu a matakin gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye. Ta hannunsu ake rubuta shaidar saye, kyauta, aro, haya da jingina. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara kare burtali da makiyaya. Ba mallakar mutum ɗaya ba ne, balle ya sayar.

Takardun suna da Faransanci. Ku koyi gane sunayensu. Takardar filin loti ana rubuta mata *acte de cession*. Takardar mallaka mafi ƙarfi ita ce *titre foncier*.

Kafin ku biya kuɗin fili

- Ku nemi a nuna muku filin a kan taswirar loti, lamba ta yi daidai da ta takarda.
- Ku je da kanku ko ku aika amintacce, a nuna turakun siminti na kusurwa huɗu, a auna.
- Ku ga filin da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi. Gani ya kori ji.
- Ku tambayi maƙwabta da mai unguwa ko akwai rikicin gado a kansa.
- Ku tabbatar a ma'aikatar magajin gari cewa sunan mai sayarwa ne a rajista, kuma ba a sayar wa wani ba.
- Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. A biya kuɗi gaban shaidu, a karɓi rasit.

Abin da taswira ba ta iyawa

Taswira tana tsufa, domin gari ba ya tsayawa. Ba ta nuna halin maƙwabci, kuma an ce a nemi maƙwabci tun kafin a nemi gida. Tana nuna abin da mai zanen ya ga dama ya sa. Unguwar da ba a zana ba, ana mantawa da ita ranar rabon famfo da makaranta.

Akwai kuma haɗarin a yi amfani da ita a tura talakawa kwari, masu hali su kwashe tudu. Wannan ba shi ne daidaita mazauni da bukata ba. Idan taswira ta nuna unguwa ba ta da ruwa ko likita, abin da ya kamata shi ne a kai mata. Idan ta nuna mutane suna zaune a hanyar ruwa, sai a zauna da su a nema musu wuri mai aminci kusa da abin sana'arsu. Shi ya sa yake da muhimmanci jama'a su iya karanta taswira da kansu, su halarci zaman da ake yi kafin a yanka sabon loti.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. A taswira mai ma'aunin 1/2000, nisan gida da makaranta santimita 30 ne. Mita nawa ke nan?
2. Ina ruwa yake bi a unguwarku idan an yi ruwa mai ƙarfi? Gida nawa ne a kan hanyarsa?
3. Waɗanne bukatu uku ne suka fi muhimmanci ga iyalinku wajen zaɓen mazauni?
4. Su wa ba a cika tambaya ba idan ana shawarar unguwa? Yaya za a jawo su?